Tambayoyinku: wane faifan ajiya zan saka a akwatin NAS?

Tambaya daga wani mai ɗaukar hoton biki a Sabon Garin Zariya: “Malam, barka da aiki. Na sayi akwatin ajiya na Synology mai gurbi biyu, don in riƙa tara bidiyon bukukuwa a gida ina ɗauko su ta waya ko kwamfuta. Akwatin ya zo wayam, babu had dis. A kasuwa an nuna mini WD Purple, da kuma wasu tokumbo masu terabait 4 a rabin kuɗi. Wanne zan ɗauka?”

Ɗan'uwa, rufe walat ɗinka tukuna. Purple faifai ne mai kyau, amma don kyamarorin tsaro aka ƙera shi, kamar SkyHawk na Seagate. Zai yi aiki a akwatinka, sai dai ba layinsa ba ne. Waɗanda aka yi musamman don NAS, wato akwatin ajiya irin naka, su ne WD Red Plus, da Seagate IronWolf, da Toshiba N300. An gina su ne su yi ta juyawa dare da rana, kuma an ƙayyade musu nauyin aikin terabait 180 a shekara, alhali faifan kwamfutar tebur irin BarraCuda 55 ne nasa. Garantinsu shekara 3 ne. Wanda ka samu na gaske a cikin ukun, ɗauka. Ni ban ga dalilin gardamar kamfani da ake yi a shaguna ba, kowanensu ya taɓa fitar da samfurin da ya ba mutane kunya.

Abin da ya fi sunan kamfani muhimmanci shi ne yadda faifan yake rubutu. Iri biyu ne, CMR da SMR. A CMR kowane layin bayanai yana zaune a wurinsa, bai taɓa maƙwabcinsa ba. A SMR kuwa layukan hawa kan juna suke yi, kamar yadda kafinta yake jera kwanon rufi, wannan ya danne gefen wancan. Ka san idan za a canza kwano ɗaya a tsakiyar rufi, sai an ɗaga na kusa da shi. Haka faifan SMR yake fama duk lokacin da za a sake rubutu a kansa. Ga mai ajiye hotuna jefi-jefi ba zai ji komai ba. Matsalar takan fito ne ranar da ɗaya daga cikin faifan biyu ya mutu, ka saka sabo, akwatin ya fara kwafe komai a kansa ba tsayawa. Aikin da CMR zai gama a yini, SMR yana iya jan sa kwanaki, wani lokaci ma akwatin ya ɗauka faifan ya lalace ya fitar da shi.

A 2020 aka gano cewa wasu faifan WD Red masu terabait 2 zuwa 6 SMR ne, ba tare da an bayyana wa masu saye ba. Bayan hayaniyar ne kamfanin ya ware masu CMR ya sa musu suna Red Plus. Saboda haka kada jan launin takardar ya ruɗe ka, karanta lambar samfurin. A masu terabait 4, WD40EFAX SMR ne, WD40EFRX da WD40EFPX kuwa CMR ne. Harafi ɗaya tak.

Batun tokumbo. Faifai ba ya nuna tsufansa a fuska, amma yana rubuta tarihinsa a cikinsa, abin da ake kira SMART. Je shagon da kwamfutarka da manhajar CrystalDiskInfo, kyauta ce. Duba layi mai lamba 09, shi ne awoyin da faifan ya yi yana aiki. Shekara guda awa 8,760 ce, idan ka ga 35,000 to ya yi shekara huɗu yana juyawa a wani wuri. Sai layi mai lamba 05 da na 197 (C5 yake fitowa a manhajar), su ne wuraren da suka lalace ko suke shirin lalacewa. Idan ɗaya daga cikinsu ya wuce sifili, ajiye shi ka yi wa mai shago sallama. Wanda ya hana ka gwadawa ma ya riga ya ba ka amsa. Sannan ka sani ana iya goge waɗannan lambobi. A farkon 2025 an bankaɗo faifan Seagate Exos da suka sha aiki, aka mayar da awoyinsu sifili aka sayar da su a matsayin sababbi a Jamus da wasu ƙasashe. Ko sabo ne a leda, shigar da lambar siriyal ɗinsa a shafin garantin kamfanin ka ga ko ta dace. Bidiyon ɗaurin auren mutane ba a sake ɗauka, ni dai ba zan ɗora shi a kan tokumbo ba.

Wata malama daga Samaru ta ce: “Faifai biyu sun mutu mini cikin shekara guda, duk sababbi. Kayan ne jabu?”

Malama, yana yiwuwa, amma ni wutar gidanki zan fara tuhuma. Faifai yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, allurarsa tana shawagi dab da fuskarsa. A ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu, a dawo da ita da ƙarfi, a tayar da janareto, kullum haka, dole ya jigata. Ki sayi UPS mai kebul ɗin USB ki haɗa da akwatin, UPS ɗin zai sanar da akwatin an ɗauke wuta, akwatin ya kashe kansa cikin natsuwa. Idan kina da inbata da sola, ki sa shi a layinsu.

Sai zafi da ƙura. A watan Maris da Afrilu, in faifan yana haura digiri 45 a kai a kai, ki fitar da akwatin daga cikin kabad ki ba shi iska. Masu juyi 5,400 sun fi sanyi da shiru, kuma sun ishi gida. Da hunturu kuma ki riƙa kakkaɓe ƙurar fankarsa.

Wani ɗalibi daga Kongo: “Idan na saka faifai biyu a RAID 1, shi ke nan na tsira?”

A'a. RAID 1 madubi ne, abin da ka goge a ɗaya ya gogu a ɗayan nan take. Ɓarawo ko tsawa kuma ba sa zaɓen faifai, akwatin gaba ɗaya suke tafiya da shi. Faifai biyu masu terabait 4 za su ba ka wurin guda ɗaya ne, kuma wajen 3.6 za ka gani a allo, ba cutarka aka yi ba, bambancin lissafi ne. Sayi faifan waje na uku, ka riƙa kwafe muhimman abubuwa duk mako, ka ajiye shi a wani gidan daban.