Amsa ga mai tambaya kan allurar ƙwayoyin cibiya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tambayarki ta sanyaya mini jiki, don abin da aka gaya miki shi aka gaya mini. Kin ce hoto ya nuna kan ƙashin cinyar ɗanki mai sikila ya fara mutuwa, wani kuma ya ce akwai asibiti a Indiya da ke renon ƙwayoyin halitta na cibiyar jarirai a ɗakin gwaji, a yi masa allura ƙashin ya farfaɗo ba tare da tiyata ba, har kina shawarar sayar da filinki. Don Allah ki riƙe takardar filin nan tukuna.

Ni tawa dillaliyar mace ce, ta hannun dangin miji aka haɗa mu. Har ɗakina ta zo da hotuna a waya, wannan ya yar da sanda, wancan yana gudu. Ƙanwata take ce mini, har da ƙwalla. Gwal ɗina ya tafi, gadon mahaifina ya bi shi. Da muka isa ba wanda ya nemi ganin hoton MRI ɗina. Aka ɗaura mini ruwa, aka zuba wani abu daga sirinji, aka ƙara da allura a kwankwaso, wai an gama. Na tambaya daga ina ƙwayoyin suka fito, an gwada su, sai ta harare ni ta ce kar in ɓata wa likita rai. A daren zazzaɓi ya rufe ni a masauki, ciwo ya motsa, ina kiranta tana katsewa. Kun san mene ne zazzaɓi ga mai sikila irina, balle a ƙasar da ba uwa ba uba, ba ka jin yarensu. Na kwana ina kalmar shahada. Abin da ya fi ƙona mini rai, da muka dawo ƙafa ba ta canza ba, sai ta bi dangi tana cewa ni ce ban kiyaye doka ba. Yanzu in mun haɗu a biki har ta ce mini "ya ƙafa?" Na bar ta da Allah.

Su ƙwayoyin ba ƙarya ba ne, da gaskiyar ake cin kuɗinmu. Likitan ƙashin da ya karɓe ni daga baya shi ya rarrabe mini, abu biyu suke cakuɗa mana. Akwai jinin cibiya, mai ɗauke da ƙwayoyin da ke haifar da jini. Tun 1988 aka fara dasa shi a Faris, ga wani yaro da aka ɗebo daga cibiyar ƙanwarsa. Wannan dangin dashen ɓargo ne, irin wanda aka fara yi wa mai sikila a Najeriya, a birnin Benin, a 2011, sai jini ya dace, sai an kashe tsohon ɓargo da magani, sai an yi makonni a kwance. Na biyun kuwa wani abu ne mai yauƙi da ke kewaye da jijiyoyi ukun da ke cikin cibiyar. Shi ake yayyankawa a zuba a kwalaben gwaji da ruwan abinci, a ajiye a ɗumin jiki, digiri 37. Ƙwayoyin su rarrafo su manne a kwalbar su yi ta ninkuwa, a rarraba, a daskarar cikin ruwan naitirojin. Cibiya ɗaya, wadda mu binnewa muke yi, sai ta ba da allurar mutane da yawa. Kin ga inda ribar take.

To suna gina sabon ƙashi? Arnold Caplan, masanin da ya raɗa musu suna a 1991, da kansa ya fito a 2017 ya ce yawancin aikinsu fitar da sinadarai ne masu kwantar da kumburi, ba rikiɗewa suke su zama ƙashi ba. Wanda aka zuba ta jijiya ma mafi yawa a huhu yake maƙalewa. Koriya ta Kudu ta amince da wani maganin irin waɗannan ƙwayoyin mai suna Cartistem a 2012, amma na guringuntsin gwiwa ne, kuma da tiyata ake sa shi. A Amurka kuwa, a 2018 mutum 12 aka kwantar a asibiti saboda ƙwayoyin cuta a irin waɗannan allurai. Amurka fa.

Ki koma wurin likitan ƙashi, a asibitin ƙashi na Dala ko asibitin koyarwa mafi kusa, ki tambaye shi kai tsaye: kan ƙashin ya lotsa ko bai lotsa ba? In bai lotsa ba, akwai aikin huda ƙashin a rage matsi, wasu su haɗa da ɓargon yaron na kansa, hanyar da likita Hernigou ya daɗe yana bi a Faransa har ga masu sikila. In ya lotsa, ba allurar da za ta tayar da shi. Ni sai da aka canza mini ƙugun, yanzu ina sallah a tsaye, alhamdulillahi.

Kar ki bari mai ɗori ya taɓa shi, ko surukarki ce ta kawo shi. Sandar dogarawa kuma zai ƙi ta, samari kunya suke ji a makaranta, ki lallaɓa shi, ki je ki ga malamansa a daina sa shi tsayuwar asambile. In hunturu ya zo, ruwa da rigar sanyi.

In har dillalin ya matsa, ki ce ya kawo a rubuce hukumar da ta amince da maganin, da sakamakon gwajin wanda aka ɗebi cibiyar daga gare ta, da wanda zai ɗauki nauyi in zazzaɓi ya tashi. Kuma ki sa a ɗauki hoton ɗaya ƙugun ko ba ya ciwo, don sau da yawa biyun yake kamawa. Nawa na hagun shiru ya yi har sai da ya yi nisa. Allah Ya ba yaron lafiya.