Maigida ya ce hassada ce ke damunmu, in yi shiru?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani kamfani da ke ɗinka kayan wasanni, jesin ƙungiyoyin ƙwallo da kayan motsa jiki na makarantu. Shekarata bakwai a wurin, ni ke kula da sashen yanka. Watan jiya maigidanmu ya tara mu ya ce zai ƙulla yarjejeniya da wani mawaƙi mai tashe da ke da nasa tambarin tufafi. Mu za mu ɗinka, sunansa za a buga a ƙirji. Ya ce ai ko Nike haka ta yi da Kim Kardashian. Mu dai hankalinmu bai kwanta ba. Sau biyu mutumin ya zo. Zuwan farko ya ci mutuncin yarinyar da ke mana guga a gaban kowa, na biyu ya sa muka sake yanka samfuri har sau huɗu, sannan ya ce na farkon ya fi. An riga an ɗage odar makarantu biyu saboda shi. Da muka yi magana sai maigida ya yi dariya ya ce hassada ga mai rabo taki ce. Malam, ina da iyali, ba na son rasa aikina, kuma zuciyata ta ƙi yarda in zuba ido. Da gaske hassadar ce ke damunmu? In yi shiru?

Amsa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kar ka yi shiru, amma kar ka sake yin maganar yadda kuka yi ta a baya. Zan zo kan wannan. Bari in fara da kalmar hassadar nan, domin ita ta fi ci mini rai a wasiƙarka, kuma da wuya mako ya wuce ban ji ta a bakin wani mai kamfani ba.

Illar kalmar ita ce da zarar an furta ta, bincike ya ƙare. Wanda aka ce masa mahassadi ba a tambayarsa me ya gani, ranar yaushe, a gaban wa. An gama da shi. Alhali a duk kamfanin ku kaɗai ne kuke ganin tauraron nan ba kyamara. Maigida a falo yake ganinsa, ana musabaha ana ɗaukar hoto. Ku kuwa kuna ganinsa a bakin teburin yanka, inda babu wanda yake bukatar ya burge. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ka dubi Adidas. A ƙarshen 2013 suka ɗauko mawaƙin Amurka Kanye West bayan ya raba gari da Nike, takalminsu na farko mai tambarinsa Yeezy ya fito a 2015, aka faɗaɗa yarjejeniyar a 2016. Kuɗi ya shigo ba na wasa ba, mutane na kwana a layi don kambas ƙafa ɗaya. A watan Oktoba na 2022 mutumin ya riƙa sakin kalaman ƙin jinin Yahudawa a bainar jama'a, kamfanin ya yi ta jan ƙafa har makonni, sai ranar 25 ga watan ya yanke hulɗa. A sanarwar da kansu suka ce matakin zai iya cinye har Yuro miliyan 250 daga ribar shekarar. Wanda yake waje zai ɗauka abin daga sama ya faɗo musu.

Ba a cika wata guda ba mujallar Rolling Stone ta buga labarin wata wasiƙa da tsofaffin ma'aikatan sashen Yeezy suka aika wa shugabannin Adidas ba tare da sa suna ba. Sun zargi mawaƙin da tsoratar da ma'aikata da wulaƙanta su, har da nuna musu hotunan batsa a wurin aiki, kuma suka zargi manyansu da kawar da kai shekara da shekaru. Sai bayan fitar labarin kamfanin ya ce zai yi bincike. Jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa tun 2018 shugabannin, har da babbansu na lokacin Kasper Rorsted, sun zauna sun tattauna haɗarin ci gaba da mutumin. New York Times kuma a 2023 ta kawo cewa tun wani zama na 2013 a Jamus ya zana alamar 'yan Nazi a kan zanen takalmi a gaban ma'aikata. A Jamus fa, inda wannan alamar ba abin wasa ba ce. Ka ga ke nan na ƙasa sun riga kowa sani da kusan shekara tara.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kamfanin ba wurin da babu tsari ba ne. Dokar Jamus ta sa a manyan kamfanoni rabin kujerun majalisar da ke sa ido kan shugabanni na wakilan ma'aikata ne, Adidas ma haka take. Akwai ofishin kula da ma'aikata, akwai takardun ƙa'ida, akwai duk abin da ake nuna wa baƙo. Duk da haka sai da magana ta bi ta jarida kafin a ce za a duba ta. Shi ya sa idan manaja ya ce mini "ai muna da akwatin ƙorafi" nakan tambaye shi wa ke riƙe da makullin, kuma yaushe rabon da a buɗe.

To me ya biyo baya? A farkon 2023 kamfanin ya sanar cewa idan bai sayar da takalman Yeezy da suka yi kwantai a sito ba, cinikin Yuro biliyan 1.2 zai bi ruwa. Ƙona su asara ce da abin kunya, sayar da su kuma yana nufin biyan mutumin kasonsa. Sabon shugaba Bjorn Gulden, wanda ya zo daga Puma, ya zaɓi sayarwa kashi-kashi tare da ba da wani ɓangare na kuɗin ga ƙungiyoyin yaƙi da wariya da ƙiyayya. Duk da haka a 2023 Adidas ta rufe shekara da asara, karon farko cikin shekara sama da 30. Wannan kamfani ne mai cinikin sama da Yuro biliyan 20 a shekara, shi ya sa ya girgiza bai faɗi ba. Naku fa?

Na taɓa ganin ƙaramin irinsa da idona. An kira ni wani kamfanin ɗinki bayan abin ya lalace, kamar yadda aka saba kiran irinmu. Mai kula da sito, wata baiwar Allah da ta manyanta, ta ja ni ciki ta nuna mini kwalaye har rufi, ta buɗe ɗaya ta zaro riga. Yadi mai kyau, ɗinki tsaf, amma ga sunan wani mawaƙi ɓaro-ɓaro a ƙirji, bugun fenti wanda ba ya kankaruwa. An yi rigima da shi, ya hana a sayar da sunansa. Sai ta ɗauko wani tsohon littafi mai bangon kwali ta buɗe mini. Tun wata na biyu take rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ga kuma abin da yaransa ke zuwa su kwasa wai na talla ne, ba rasit. Sau uku ta kai wa maigida. A na ukun ya ce mata, "Hajiya, ke dai ba kya son yaron nan." Ita da ko waƙarsa ɗaya ba ta sani ba.

Wannan tunanin ba daga sama masu kamfani ke samo shi ba. Akwai masu koyar da shi. Su ne za ka gani a TikTok da Facebook da kwat da makirufo, ko rigar ciki ba su taɓa sayarwa ba, suna cewa duk mai sukar shirinka maƙiyin ci gabanka ne, ka toshe kunne ka wuce. Ana biyansu kuɗin taro su karanta wa mutane yawan mabiyan tauraro kamar lissafin kuɗi ne a banki. Mabiyi ba mai saye ba ne. Danna waya kyauta ne, riga kuwa sai an zaro kuɗi. Beyonce tana cikin mawaƙan da suka fi suna a duniya. Tambarinta na Ivy Park ya haɗa kai da Adidas a 2019, amma Wall Street Journal ta ruwaito cewa cinikinsa a 2022 bai wuce kusan Dala miliyan 40 ba, alhali kamfanin ya yi hasashen miliyan 250. A Maris na 2023 aka rabu. Babu wani abin kunya da ta yi, kaya ne kawai ba su tafi ba. In hakan ya samu Beyonce, mai kwat ɗin nan ya faɗa mini wane tabbaci yake da shi kan naku mawaƙin.

Shi kuma misalin Nike da maigidanku ya kawo, gaskiya ne, a Fabrairun 2025 suka sanar da NikeSKIMS. Sai dai Skims, kamfanin tufafin Kim Kardashian, kamfani ne tsayayye tun 2019, da ma'aikatansa da masu sayensa, wanda a 2023 aka yi masa ƙimar Dala biliyan 4. Nike ta je neman kasuwar mata ne, inda kamfanonin kayan motsa jiki irin su Lululemon suka matsa mata. Kuma duk girman nan nasu, kayan da aka ce za su fito a bazarar shekarar sai watan Satumba suka fito. Jinkirin watanni ba ya hana Nike biyan albashi. Wani ya yi rawa ya samu kuɗi, wani ya yi ya sha duka. Tunda kuma Nike ce abin koyinsa, a tuna masa cewa a 2018 wasu mata ma'aikatanta sun tattara bayanan abokan aikinsu kan cin zarafi da nuna bambanci, a rubuce, suka ajiye a teburin shugaban kamfanin na lokacin Mark Parker. Cikin watanni kaɗan manyan jami'ai sama da goma suka bar aiki.

Ba na cewa duk abin da ma'aikaci ya faɗa wahayi ne. Na sha jin ƙorafin da ba komai cikinsa sai "ni ba na son shigarsa" ko "wannan ba kayan wasanni ba ne, kayan gayu ne." Wannan ra'ayi ne, kuma maigida na da ikon ya saurara ya wuce, tunda jarinsa ne. Akwai kuma zafin da ke cin mai zane da mai yanka idan sun kwana kan aiki aka buga sunan wani, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Wannan zafin halal ne, maganinsa ƙarin lada da ambaton suna, amma shi kaɗai ba ya nuna yarjejeniyar za ta rushe. Abin da ka rubuto mini daban ne. Ka kawo yadin da aka ɓata, da odar da aka ɗage, da mutumin da aka wulaƙanta. Duk ukun ana iya ƙirga su ko a kira shaida.

Kuskurenku shi ne kun faɗa a taro, da baki, ku da yawa. Mai kamfani a gaban yaransa ba zai ce ya yi kuskure ba, dole ya nemi karin maganar da zai kare kansa. Ka same shi shi kaɗai, bayan an tashi, da takarda shafi ɗaya. Kar sunan hali ya fito a ciki, kar ka ce mutumin mai girman kai ne. Rubuta yadi nawa samfuri huɗun nan suka ci, awa nawa, da kuɗinsu a naira. Rubuta makarantun biyu, da shekarun da suka yi suna ba ku aiki, da abin da suke kawowa duk zango. Waɗannan su ne suke biyan albashinku tun kafin a san mawaƙin, kuma hedimasta da aka saɓa wa alkawari gab da gasar wasannin makaranta ba ya dawowa. Ka ce, "Alhaji, ba hana ka na zo yi ba, so nake in ya juya baya kar ya bar mu da kaya." Wannan yaren yake ji.

Sannan ka roƙe shi ya sa lauya ya duba abu kaɗan kafin a sa hannu. Wa zai ɗauki asarar kayan da suka yi kwantai? In an ɓata, kuna da izinin sayar da abin da ya rage, har tsawon wane lokaci? Zanen na wa ne? Adidas ta tsira da wannan, domin zane-zanen takalman nata ne, sunan Yeezy ne kawai na mawaƙin. A sa sharaɗin da zai ba ku damar fita in ya jawo abin kunya ko ya ci zarafin ma'aikaci. A kuma tabbatar tambarin nasa yana da rajista a ofishin rajistar tambarin kasuwanci da ke ƙarƙashin ma'aikatar ciniki ta tarayya, domin da yawa takardar CAC kawai suke kaɗawa, ita kuwa rajistar sunan kasuwanci ce, ba ta mallaka wa mutum tambari. Ya ba da kafin alƙalami, a fara da kaɗan, a ƙayyade sau nawa zai iya canja samfuri kafin ya fara biya. Kai kuma da kake sashen yanka ga wadda take hannunka: ka ba da shawarar a sa sunansa a ƙyallen da ake ɗinkawa a jiki, wanda reza za ta iya farkewa, maimakon bugun fenti.

Ka riƙe kwafin takardar da kwanan wata a gida. In ya karɓa, alhamdu lillahi. In ya sake yin dariya, ka ci gaba da aikinka ba tare da gunaguni a bayan ido ba, ka ci gaba da rubutawa, kana kuma duba wata ƙofar a hankali, tunda mai shekara bakwai a yanka ba ya rasa mai nemansa.

Yarinyar nan mai guga kuwa, ban ga inda ka ce wani ya bi ta ya ba ta haƙuri ba. Gobe kafin a kunna kekuna ka same ta, ka tambaye ta ainihin abin da ya faɗa mata, da ko ta yarda a rubuta. In ta yarda, shi za ka sa a layin farko.