Wasan jika da kaka a masana'antar Pilzen

Wani ƙaninmu mai aiki a wata masana'anta a Pilzen, ƙasar Cek, ya rubuto hankali tashe. Ya ce wa dattijuwar da ke shugabantar layinsu "matata, yaushe za ki tare?", irin tsokanar da yake wa kakarsa a Katsina. Ta haɗe rai, ta kai ƙara ofis, ga shi yana lokacin gwaji. Yana tambaya yadda ake cewa "wasa nake" da yarensu. Wani dillali kuma ya ce a biya shi ya tsallakar da shi Jamus, yayansa a gida na ta zuga shi.

Ƙanina, ana cewa "Dělám si legraci", a furta kamar "dyelam si legratsi". Za ka ji abokan aiki na cewa "dělám si srandu", amma wannan ta majalisa ce, ba ta gaban shugaba ba. Sai dai maganarka ta wuce nan. Ka same ta gobe ka fara da "Omlouvám se", wato ina neman afuwa, sannan "byl to jen vtip", raha ce kawai. Ka kira ta da "vy" na girmamawa. Kada ka ce mata "ty" sai in ita ta ba ka dama.

Wasanmu dangantaka ce ke ɗaure masa gindi: jika da kaka, Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzage. Kowa ya san gurbinsa tun yana goye. Ita ba ta da wannan labarin. A kunnenta, yaron da ke ƙarƙashinta ne ya yi mata zancen aure a bakin aiki. A lokacin gwaji kuwa ana iya sallamar mutum ba tare da an faɗi dalili ba, kuma katinka na izinin zama da aiki, "zaměstnanecká karta", da aikin nan yake ɗaure. Ko sauya aiki sai ta hannun Ma'aikatar Cikin Gida.

Dillalin nan ka guje shi. Katinka ziyara kawai ya halatta maka a Jamus, kwana 90 cikin 180, ban da aiki. Na ga samarin da suka bi irinsa: kuɗi ya tafi, kati ya mutu, wayar dillali a kashe.

Yayanka kuma, da girmansa, bai kyauta ba. Yana kwana a ɗakinsa yana lissafin Yuro, kai ne za ka kwana a tashar jirgin ƙasa cikin hunturu in abin ya ɓaci. Ka gaya masa cikin ladabi cewa aike zai ragu wata biyu, har ka fita daga gwaji.