Me ƙanena yake nema a wasan da ya riga ya gama sau uku?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena yana da na'urar wasan bidiyo ta zamani, wadda hotonta kamar ka miƙa hannu ka taɓa mutum. Amma kwanan nan ya koma kan wani wasa mai zane ɗigo-ɗigo, irin na da can: ɗan mutum yana gudu daga hagu zuwa dama yana tsallake rami. Ya gama shi sau uku, ya sake farowa, wai bai ga ainihin ƙarshen ba. Na duba na ga wasan ma sabo ne, da gangan aka yi shi haka. Me ke jan mutane ga irin wannan? Kuma ta yaya wasa ɗaya zai zama da ƙarshe fiye da ɗaya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Tambayoyinka biyu ne a baki, amma jijiyarsu ɗaya. Yawancin mutane da ka tambaya za su ce maka kewar da ce, da tsohuwar zuma ake magani. Akwai gaskiya a ciki, sai dai ba ta kai ga ƙanenka ba. In lissafina daidai ne, ba a haife shi ba lokacin da wasan Super Mario Bros. ya fito a 1985, kuma mutum ba ya kewar abin da bai taɓa sani ba. Wani abu ne daban yake riƙe da shi.

Na'urar Nintendo ta wancan zamani, wadda ake kira Famicom a Japan, NES a Amurka da Turai, allonta ɗigo 256 ne a kwance, 240 a tsaye. Kowane ɗan zane mai motsi kala uku kacal yake ɗauka, idan kuma suka wuce takwas a layi guda sai wasu su ɓace. Duk Super Mario Bros. bai wuce kilobayit 40 ba. Hoto ɗaya da ka ɗauka da wayarka ya ninka shi sau da yawa. Gashin bakin Mario ma ƙuncin wuri ne ya haife shi tun a wasan Donkey Kong na 1981: Shigeru Miyamoto, wanda ya ƙirƙiro shi, ya ga babu isassun ɗigon da za a zana baki, sai ya sa masa gashin baki, ya kifa masa hula don a huta da motsa gashin kai.

Ƙuncin nan ya koya wa masu ƙirƙira tsimi. Babu abin da ke kan allo don ado kawai. Ka ga tsini, kisa ne. Ka ga dutse yana rawa, zai rufta da kai. Maɓalli biyu ne, ɗaya na tsalle, ɗaya na gudu ko duka. Idan ka mutu ka san inda laifin yake, yatsanka ne ya yi gaggawa ko ya makara, shi ya sa hannu yake komawa kan maɓalli tun kafin rai ya gama ɓaci. Sababbin da ake yi yanzu sun riƙe wannan, amma sun yi wa kansu sassauci. Shovel Knight, wanda kamfanin Yacht Club Games ya fitar a 2014, ya yi amfani da faffaɗan allo da wasu kalolin da NES ba ta da su. A Celeste na 2018, ko ƙafarka ta bar bakin dutse da ɗan ƙiftawar ido, wasan zai karɓi tsallenka, ba tare da ya gaya maka ya yi maka alfarma ba. Abin da ƙanenka yake bugawa tsohon wasa ne kamar yadda ake tuna shi, an sauke masa wahalhalun da ba su da amfani.

To, batun ƙarshe iri-iri, nan ne maganar take da nama. Abin ba sabo ba ne. A Metroid na 1986, saurin da ka yi wajen gamawa shi ke yanke abin da za ka gani: mai jan ƙafa zai ga jarumin Samus cikin sulkensa, mai sauri kuwa sai a cire kwalkwali ya tarar ashe mace ce. A Bubble Bobble na kamfanin Taito, shi ma 1986, idan ka haye matakai 100 kai kaɗai, wasan zai gaya maka wannan ba ƙarshen gaskiya ba ne, ka dawo da abokinka. A Castlevania III na 1989 hanya tana rabuwa biyu a wurare, kuma abokin tafiyar da ka ɗauka shi ke sauya rufewar labarin. Wani ɓangare na dalilin kasuwanci ne, tunda kaset ƙarami ne, dole a samo abin da zai sa yaro ya sake farowa. Amma lura da abu ɗaya: ba kullum ake tsayar da kai a rubuto maka “zaɓi na ɗaya ko na biyu” ba. Da hannunka kake zaɓa, sau da yawa ba ka ma san ka zaɓa ba.

Wannan shi ne sirrin gaba ɗaya a wurina, bari in nuna maka shi kusa-kusa. A Bloodstained: Curse of the Moon, wanda Inti Creates suka yi a 2018 da zane irin na NES, kana riƙe da wani mai takobi, Zangetsu. Ka kashe babban dodon matakin farko da kyar, jininka saura kaɗan, sai ga wata mace, Miriam, a tsaye a gabanka. Ba ta kai maka hari. Kana iya yi mata magana ta bi ka, ka samu bulalarta da dogon tsallenta. Kana iya wuce ta ka tafi abinka. Kana kuma iya sara ta, da maɓallin nan da ka yini kana saran dodanni da shi, har ta faɗi, kai kuma ka sami sabon ƙarfi. Haka za a yi da Alfred mai siddabaru, da Gebel mai rikiɗa jemage. Wasan ba ya yi maka wa'azi a lokacin. Shiru yake yi, sai a ƙarshe ya nuna maka inda halinka ya kai ka. Wanda ya sare su duka ukun don kwaɗayin ƙarfi, shi kaɗai zai isa ƙofar ƙarshe, kuma ya san babu wanda ya sa shi.

Wanda ya fi zauna mini a rai shi ne Cave Story. Mutum ɗaya ne ya yi shi, Daisuke Amaya, ya shafe shekara biyar yana aikin a lokacin hutunsa, zane da kiɗa da labari duk nasa, ya sake shi kyauta a 2004. Ƙarshensa uku ne. Na farko, wani ya ce maka ku hau dabba mai tashi ku gudu ku bar tsibirin da kuke kai; in ka yarda, wasan ya ƙare, kai ka tsira, sauran kuma ka bar su a hannun azzalumi. Sauran biyun sun rataya ne a kan tsalle guda. A wani ɗaki za ka ga wani tsoho, Farfesa Booster, ya faɗo cikin rami a gabanka. Karon farko da na buga, ban yi tunani ba na dira wurinsa, kamar yadda kowa mai tausayi zai yi. Ya miƙa mini na'urar tashi da bai gama haɗawa ba, ya cika. Can gaba ruwa ya cika wani ɗaki, abokiyar tafiyata Curly ta cire abin numfashinta ta ba ni, ni kuma ba ni da igiyar da zan goya ta in fita da ita. Na daɗe a ɗakin nan ina kai da komo kafin in yarda in tafi. Daga baya na gane cewa da na tsallake ramin ban kula tsohon ba, da ya rayu, da na tarar da igiyar, da kuma ya kawo mini cikakkiyar na'urar da ake shiga mataki mafi wuya da ita.

A gaskiya ina ganin wannan dabarar ba ta yi wa ɗan wasa adalci ba. Babu yadda za a yi mutum ya hango cewa taimako ne zai kashe tsoho, ƙyalewa ta raya shi. Duk da haka a daren na sake farowa, saboda Curly da na bari a ƙasa. Abin da ke mayar da ƙanenka ke nan, ina kyautata zato: akwai wani da ya bari a baya, ko wata ƙofa da ya wuce.

Kuma sake farowar ba ta da nauyi, abin da ya sa salon nan ya fi dacewa da ƙananan wasanni ke nan. Babban wasan zamani yana iya cin awa hamsin. Wa zai maimaita shi don ya ga wani reshe? Kamfanin ma kowane reshe kuɗi ne mai yawa, ga masu murya, ga masu zane. A wasan ɗigo-ɗigo kuwa, ɗaki biyu da layin magana goma sun isa sabon ƙarshe, kuma duk tafiyar 'yan awoyi ce. Zagaye na biyu ma ya fi na farko daɗi, domin ramin da ya ci ka sau ashirin yanzu tsallake shi kake yi ba ka ko kallo, hankalinka ya koma kan bangon da ka ga kamar yana da tsaga. Yawanci kuma ƙarshe mafi kyau yana bayan mataki mafi wuya ne. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Wani lokaci abin da aka ɓoye ya kai girman abin da aka nuna. A Castlevania: Symphony of the Night na 1997, idan ka hau saman fādar da wasan yake gudana a ciki ka kashe Richter, mutumin da ya riƙe ta, sunayen masu ƙirƙira za su fara hawa, ka ɗauka ka gama. Amma idan ka samo wani tabarau ka sa, za ka ga ƙwallon sihiri yana yawo a kansa, shi ke juya shi. Ka fasa ƙwallon ka bar mutumin, sai wata fādar ta bayyana a kife, kai ƙasa ƙafa sama, kusan rabin wasan ke nan. In dai irin wannan ƙanenka yake nufi da “bai ga ainihin ƙarshen ba”, to ba ɓata lokaci yake yi ba.

Ba duka ne suka cancanci wahalar ba. Akwai waɗanda za su sa ka tattara kowane lu'ulu'u a kowane lungu, sannan a saka maka da hoto guda da bai canza komai ba. Ko Sonic the Hedgehog na 1991, tattara duwatsu masu daraja guda shida da ke cikin wasan ɗan abu kaɗan yake sauyawa a ƙarshe. Ma'aunina shi ne: shin reshen ya fito daga wani abu da na yi wa wani a cikin labarin, ko kuwa lissafin tsince-tsince ne kawai?

In kana son gane wanne ƙanenka yake ciki, Malam, zauna kusa da shi ka tambaye shi abin da ya yi daban a zagaye na biyu da na uku. Idan ya miƙo maka na'urar, karɓi ka buga daga farko, ka ce kada ya gaya maka komai, kada kuma ka leƙa YouTube sai ka kai ƙarshen da hannunka ya kai ka.