Amsa: ta yaya ake sanin man da ya rage a Agadem?

Malam, ka tambaya yadda ake ƙiyasta man fetur ɗin da ya rage a Agadem, wurin haƙar mai da ke jihar Diffa a Nijar, alhali ba wanda ya shiga ƙasa ya gani. Ai ba rumbu ba ne da za a leƙa a ƙirga dammuna. Masana kan aika girgiza cikin ƙasa su saurari amonta, su haƙa rijiyoyin gwaji, su auna kaurin dutsen da ƙananan ƙofofinsa masu riƙe man. Kuma ba duka ake zuƙowa ba, sau da yawa fiye da rabi a ƙasa yake zama. In farashi ya tashi, rijiyar da aka bari sai ta koma lissafi.

Abin ya dame ni ƙwarai, don tun 2011 matatar Damagaram ke tace man Agadem, mu kuma nan Maradi shi muke zuba wa baburanmu.