Gudun hunturu a jirgin ruwa mai filafilai: ta ciki ko ta teku?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune kusa da Annapolis a jihar Maryland ta Amurka. Ina da jirgin ruwa mai filafilai, tsawonsa ƙafa 34, yana nitsewa ƙafa 5 cikin ruwa, jigonsa kuma ƙafa 50 ne daga saman ruwa. Shekara uku ke nan ni da mai ɗakina muna yawo a mashigin Chesapeake, amma ba mu taɓa kwana a buɗaɗɗen teku ba. Bana muna so mu gangara Fulorida mu yi hunturu a can. Yaushe ya kamata mu tashi, kuma ta ina za mu bi? Na riga na ce wa ƙanena ya tare mu a Miyami ranar 1 ga Disamba.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Jirginka ya isa wannan tafiya, kai ma ka isa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne alkawarin nan da ka yi wa ƙanenka. Ka kira shi yau ka warware. Ka ce masa zai ji daga gare ka in kun shiga Fulorida. Na daɗe ina koyar da tuƙin irin wannan jirgi, kuma galibin mutanen da na ga sun shiga uku a ruwa ba rashin iyawa ne ya jefa su ba. Wani ne yake jiransu a wani gari, sai suka fita ranar da ya kamata su zauna.

Lokacin tashi gaba kura ne baya sayaki. Daminar mahaukaciyar guguwa a tekun Atilantika tana farawa 1 ga Yuni, ta ƙare 30 ga Nuwamba, kuma ta fi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba. In ka yi sammako ka shiga bakinta. In ka yi nawa, sanyi ya riske ka a hanya, ranaku kuma su gajarce. Shi ya sa yawancin masu wannan hijira suke barin Annapolis a tsakiyar Oktoba, bayan baje kolin jirage da ake yi a garin, su gangara Norfolk cikin kwana uku ko huɗu, su wuce kudu wajen farkon Nuwamba. Ka ɗauko takardar inshorarka ka karanta, domin kamfanoni da yawa suna gindaya sharaɗin kada jirgi ya ƙetare wani layi zuwa kudu kafin wata rana, sau da yawa 1 ga Nuwamba. Kada kuma ka ɗauka ƙarshen Oktoba an tsira: guguwar Sandy ranar 29 ga Oktoban 2012 ta nutsar da jirgin Bounty a gefen Cape Hatteras, wani tsinin ƙasa da ya kutsa cikin teku a jihar Karolina ta Arewa, aka rasa rayuka biyu.

Batun hanya kuwa, ku bi ta ciki. Akwai hanyar ruwa da ake kira Intracoastal Waterway, wadda ta sarƙa koguna da fadamu da magudanan da aka haƙa, tana tafiya a bayan tsibiran gaɓa. Ana fara ƙirga milinta daga Norfolk a jihar Bajiniya, Miyami kuma tana wajen mil 1,090. Amfaninta mafi girma gare ku shi ne za ta raba ku da Cape Hatteras. A nan ne tudun yashin Diamond Shoals ya miƙe cikin teku, a nan ne kuma Gulf Stream, wannan kogin ruwan ɗumi da ke gudu arewa a cikin teku, yake matsowa kusa da gaɓa. Idan iskar arewa ta buso ta yi karo da shi, igiyar ruwa takan miƙe tsaye kamar bango, ɗaya na bin ɗaya babu numfashi. Ba banza ake ce wa wurin maƙabartar Atilantika ba. Wanda bai taɓa kwana a teku ba, ba can zai fara koyo ba.

Daga Norfolk hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta bi ta Great Bridge da Coinjock, ta fi zurfi, ta fi sauri, amma za ka haɗu da manyan jiragen dako. Ɗayar ita ce magudanar Dismal Swamp, wadda aka buɗe a 1805, mai ƙofofin ruwa biyu, Deep Creek da South Mills. Zurfinta wajen ƙafa 6 ne, saboda haka jirginka zai wuce, ko da yake lokaci-lokaci za ka ji ya daki kututture a ƙasa. Ni ita na fi so saboda shirunta da inuwar itatuwanta, sai dai ka tambaya tukuna ko a buɗe take, don akan rufe ta in ruwa ya yi ƙasa ko ana gyara. Ko ta ina ka bi, za ka fito a wani makeken ruwa da ake kira Albemarle Sound. Faɗi gare shi amma ba zurfi, kuma iska kaɗan takan hargitsa shi. Ka jira safiya mai lafiya ka ƙetare.

Akwai gaskiyar da ba a cika gaya wa sababbi ba: yawancin tafiyar nan inji ne zai yi ta, ba filafilai ba. Hanyar ƙunci gare ta. Don haka kafin ka sayi wani sabon kaya, ka kai injin a duba shi ciki da waje, a wanke tankin dizal, ka tanadi matatun mai da bel da 'yar farfelar roba ta famfon ruwan sanyaya inji, ka kuma koyi canza su da hannunka. Tsohon datti da ya kwanta a gindin tanki shekara da shekaru, ranar da igiyar ruwa ta girgiza jirgin yake tashi ya toshe matata, kuma sau da yawa a bakin gada hakan ke faruwa.

Gadojin ba za su dame ka ba sosai. Waɗanda ba sa buɗewa ƙafa 65 ne tsayinsu bisa ƙa'ida, wadda aka fi sani da gajarta ita ce Julia Tuttle a Miyami mai ƙafa 56, kuma jigonka zai wuce ta. Masu buɗewa kuma da yawa lokaci gare su, wasu duk awa, wasu duk rabin awa. Ana kiran mai gadin gada ta rediyon VHF, tasha ta 13 a Bajiniya da Karolina ta Arewa, tasha ta 9 daga Karolina ta Kudu zuwa Fulorida. Ka lura da ƙananan alamu masu ruwan ɗorawa da ake mannawa a jikin turakun hanya: in kana gangarawa kudu, mai kusurwa uku ya kasance a damanka, mai kusurwa huɗu a hagunka, ko da wane launi ne turken kansa. A mahaɗar koguna wannan ne zai hana ka ɓata.

Abin da zai fi gwada haƙurinka shi ne yashi. Rundunar injiniyoyin sojan Amurka ce ke yashe hanyar, a takarda zurfinta ƙafa 12 ne har Fort Pierce, amma a ruwa wani labarin ne. Lockwoods Folly da Shallotte a Karolina ta Arewa, Hell Gate da Little Mud River da Jekyll Creek a Jojiya, duk wurare ne da yashi ke taruwa. A Jojiya bambancin cikowar teku da janyewarsa yakan kai ƙafa 8, wato inda ka wuce lafiya da safe zai iya zama taɓo da azahar. Ka shiga irin waɗannan wurare ruwa yana cikowa, ya kai rabi ko fiye. In ka taɓa ƙasa a lokacin, ruwan da ke zuwa zai ɗaga ka. Kusan kowa yakan taɓa ƙasa sau ɗaya ko biyu, ba abin kunya ba ne, shi ya sa nake ba da shawarar a biya kuɗin shekara na masu jan jirgi kafin a tashi.

Yanzu ka yi lissafi da kanka. Hasken rana a Nuwamba bai fi awa 10 da 'yan kai ba, ba a kuma son tafiyar dare a wannan hanya. Mil 40 zuwa 50 ne abin da za ka ci a yini. Ke nan kana buƙatar wajen kwana 24 na tafiya zalla daga Norfolk zuwa Miyami, ban da ranakun da iska za ta tsare ka, da na cefane da wanki da gyara. Mako biyar zuwa shida ya fi kama da gaskiya. Ka ga 1 ga Disamba ba za ta samu ba sai da gudun da zai gajiyar da ku duka biyu, gajiya kuwa ita ke haifar da kuskure.

In kuna sha'awar ɗanɗana teku, ku bari sai kun wuce Hatteras. Daga Beaufort ta Karolina ta Arewa zuwa mashigar Masonboro tafiyar yini guda ce mai tsawo, sai an fita da asuba. Ka riƙa sauraron hasashen yanayi na hukumar NOAA ta gwamnatin Amurka safe da yamma. A wannan lokaci iskar sanyi tana zuwa ne zubi-zubi: ta fara daga kudu maso yamma, ta juya arewa maso yamma da ƙarfi, sannan ta lafa ta koma arewa maso gabas. Bayan ƙarfin ya wuce ake fita, a tsaya kusa da gaɓa, nesa da Gulf Stream, a shiga ta manyan mashigai kawai irin na Charleston da St. Marys. Ku sa rigar ceto, ku ɗaure kanku da igiya a jikin jirgin. Mai ɗakinka kuma ta iya tayar da inji, ta iya sauke filafilai, ta iya kiran tasha ta 16, wato tashar neman agaji a rediyo, ita kaɗai, domin idan kai ne ka faɗa ruwa, ita ce za ta dawo ta ɗauke ka.

Sanyi zai bi ku har Jojiya, wani lokaci har arewacin Fulorida. Ku tanadi kaya masu kauri da safar hannu da abin tare iska a wurin tuƙi. Duk abin ɗumama ɗaki da ke ƙona mai ko gas yana iya fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari kuma tana kashe mai barci. Ka sa na'urar da ke ƙara idan ta ji ta, ka gwada batirinta kafin ku bar Annapolis, kada kuma ku kwanta da irin wannan wuta a kunne.