Amsa: Sulhu da 'yan daba yana sa mutane su kwana da ido biyu rufe?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko yin sulhu da 'yan daba da masu ƙwacen waya ba ɗaure musu gindi ba ne. A ganina ya danganta da waɗanda aka zaunar a wurin sulhun.

A 2023 kwamishinan 'yan sandan Kano, Mohammed Usaini Gumel, ya kira 'yan daba su ajiye makami, kuma da yawa sun miƙa wuƙaƙe da adduna. Wannan abin a yaba ne. Amma da aka ji an ɗauki wasu daga cikin tubabbun aikin 'yan sandan sa-kai, sai hankalin jama'a ya tashi. Ni ban ga laifin jama'a ba. Matar da aka ɗora wa wuƙa aka karɓe wayarta a cikin adaidaita sahu, da mai shagon da yake rufewa tun kafin isha'i saboda faɗan daba, su ne masu haƙƙi, kuma gwamnati ba ta da ikon yafe haƙƙin da ba nata ba.

Sulhun da na yarda da shi shi ne na zauren mai unguwa. Yaron ya amsa laifinsa da bakinsa, ga mahaifinsa, ga liman, ga wanda ya zalunta yana kallonsa. A biya kuɗin waya da na magani, ko da kaɗan-kaɗan ne. Sannan a damƙa shi ga mai gareji ko tela, a dage a raba shi da ƙwaya, don ita ce take mayar da su ruwa.

Wanda ya yi kisa kuwa sai kotu, yafiya ko diyya tana hannun magada.